BABI NA UKU: DARAJAR COCIN ƘAUYEN BERWICK A MATSAYIN KAYAN TARIHI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar kayan tarihi da kuma hanyoyin da masana ke bi wajen auna darajar tsohon gini. A wannan babi kuwa za a ɗauki gini guda ɗaya a yi nazarinsa, wato cocin ƙauyen Berwick da ke gundumar Sussex ta Gabas a kudancin Ingila. Dalilin zaɓen wannan coci shi ne ya haɗa abubuwa biyu waɗanda ba kasafai suke zama inuwa ɗaya ba. Ginin ya samo asali tun ƙarni na 12, amma zane-zanen da suka ƙawata bangonsa an yi su ne daga 1941 zuwa 1944, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin sabon zane a jikin tsohon gini yana rage masa daraja ne ko ƙara masa yake yi? Idan kuma ƙarawa yake yi, ta wace fuska? Domin amsa wannan, za a dubi tarihin ginin, da yadda aka yi zanen, da takaddamar da ta taso a kansa, sannan a auna darajarsa.

3.1 Ƙauyen da Cocinsa Kafin 1941

Berwick ƙaramin ƙauye ne na manoma da makiyayan tumaki, yana gindin jerin tuddan da ake kira South Downs, tsakanin garin Lewes da garin Eastbourne. Cocin ƙauyen na ɗarikar Angilikan ne, an kuma sa masa sunan Mala'ika Mika'ilu da Dukan Mala'iku, yana ƙarƙashin dayosis ɗin Chichester.

Ginin da ake gani a yau ba aikin zamani ɗaya ba ne. An aza harsashinsa a ƙarni na 12, aka yi ta ƙare-ƙare a ƙarnonin da suka biyo baya. A ƙarshen ƙarni na 18 tsawa ta faɗa wa tsororuwar hasumiyarsa, ginin kuma ya shiga lalacewa. A 1856 limamin cocin, Edward Boys Ellman, wanda ya yi wa ƙauyen hidima sama da shekara 60 har zuwa rasuwarsa a 1906, ya jagoranci wani gagarumin gyara, inda aka sake tayar da sassan da suka rushe. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da zai zo nan gaba, domin yana nuna cewa kamannin da mutanen 1941 suka ɗauka su ne na asali, da yawansu aikin ƙarni na 19 ne.

Haka kuma, farin bango marar zane da aka saba gani a cocin ƙauyukan Ingila ba shi ne asali ba. Kafin ƙarni na 16 bangon coci cike yake da zane-zanen labaran Littafi Mai Tsarki, domin yawancin masu ibada ba su iya karatu ba, zanen shi ne littafinsu. Da guguwar gyaran addini ta taso, musamman a zamanin Sarki Edward na 6, daga 1547 zuwa 1553, sai aka ba da umarnin kawar da hotuna daga coci, aka shafe bangaye da farar ƙasa. A cikin gundumar Sussex kanta akwai shaidar haka, domin a ƙarni na 19 an kankare farar ƙasa a cocin ƙauyukan Hardham da Clayton, aka tarar da zane-zanen da aka yi tun wajajen 1100. Ke nan, zane a bangon cocin ƙauye tsohuwar al'ada ce da ta yanke, ba baƙon abu ba.

3.2 Waɗanda Suka Ƙulla Aikin

Wanda ya assasa aikin shi ne George Bell, Bishof na Chichester daga 1929 zuwa 1958. Ra'ayinsa shi ne coci ta yi sake ta rabu da masu fasaha na zamaninta, ta koma sayen kayan ado na kanti waɗanda ba su da rai. Saboda haka ya duƙufa wajen maido da wannan zumunci. Shi ne ya nema wa Hans Feibusch, wani mai zane da ya gudo daga Jamus saboda zaluncin 'yan Nazi, aikin zanen bango a wasu coci na dayosis ɗinsa. Yaƙi ya ƙara wa ra'ayin nasa ƙarfi, domin bama-bamai suna farfasa tagogi masu gilashi mai launi, su kuma masu zane da dama sun rasa abin yi.

Wani masanin fasahar gini, Charles Reilly, shi ne ya ba Bishof shawarar ya nemi Duncan Grant, wanda yake zaune a wani gidan gona da ake kira Charleston, 'yan mil kaɗan daga Berwick. Grant yana zaune ne tare da Vanessa Bell, wadda ita ma gwanar zane ce, kuma yayar marubuciyar nan Virginia Woolf. Ya kamata a lura cewa babu dangantakar jini tsakaninta da Bishof, suna ne kawai ya zo ɗaya. Su biyun jiga-jigai ne a rukunin marubuta da masu zane da aka fi sani da 'yan Bloomsbury, waɗanda suka rungumi sabon salon zane na Faransa tun daga 1910. Sun fara zama a Charleston a 1916, lokacin da Grant ya ƙi shiga soja bisa aƙida aka sa shi aikin gona a madadin haka, sannan suka tare gaba ɗaya a 1939. 'Ya'yan Vanessa biyu, Quentin da Angelica, su ma sun sa hannu a aikin.

Abin lura a nan shi ne waɗannan masu zane ba masu zuwa coci ba ne, kuma irin zaman da suke yi a Charleston ya saɓa wa abin da mutanen karkara suka sani na aure da iyali. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa wasu suka ɗaga gira tun kafin a taɓa fenti.

3.3 Takaddamar 1941

A ƙa'idar Cocin Ingila ba a yin wani babban sauyi a jikin coci sai da takardar izini daga kotun dayosis. Idan wani ɗan ikilisiya ya ƙi amincewa, to dole a zauna a saurari ɓangarorin biyu. Haka ta faru a Berwick. Majalisar ikilisiya ta amince da aikin, amma wata mai faɗa a ji a ƙauyen ta shigar da ƙorafi, wasu kuma suka mara mata baya. Jigon ƙorafin shi ne zanen zai ɓata tsohon kamannin cocin da natsuwar da aka san shi da ita, kuma lokacin yaƙi ba lokacin ƙawa ba ne.

Kotun ta zauna a watan Oktoba na 1941. Daga cikin waɗanda suka goyi bayan aikin akwai Kenneth Clark, shugaban babban gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan, da Frederick Etchells, masanin gyaran tsofaffin gine-gine. Daga ƙarshe kotu ta ba da izini.

Bai dace a ɗauki masu adawa a matsayin jahilai ba. Hujjarsu tana da tushe a ra'ayin William Morris, wanda ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877 domin yaƙi da masu yi wa tsohon gini kwaskwarima da sunan gyara. Bugu da ƙari, su ne za su zauna da zanen kowace Lahadi, ba baƙin da suka zo daga Landan suka ba da shaida suka koma ba. Inda hujjar tasu ta yi rauni shi ne abin da aka ambata a baya: kamannin da suke karewa su ma sabon abu ne a zamaninsu. Ita kanta wannan takaddama ta zama wani ɓangare na tarihin cocin, domin tana nuna yadda ƙaramar al'umma ta yi jayayya a kan wa ke da ikon sauya wurin ibadarta.

3.4 Yadda Aka Yi Zanen da Abin da Ya Ƙunsa

Sau da yawa akan kira zanen bangon coci da sunan firesko, amma akwai buƙatar a bambance. Firesko na ainihi shi ne a yi zane a kan ɗanyen shafen farar ƙasa, ta yadda launi zai shige cikin shafen ya bushe tare da shi, ya zama jikin bango. Ba haka aka yi a Berwick ba. An yi zanen ne a kan manyan allunan filasta a wani ɗakin ajiyar gona kusa da Charleston, sannan aka ɗauko su aka kafa a bangon cocin. Wannan dabara ta sauƙaƙa aiki, ba ta kuma taɓa tsohon bango sosai ba, sai dai ta bar matsalar da za a yi bayaninta nan gaba.

Babban zanen yana saman bakan da ya raba zauren masu ibada da wajen bagadi, kuma aikin Grant ne. Yana nuna Yesu Almasihu zaune cikin ɗaukaka, mala'iku kewaye da shi. A ƙasa, ta gefe ɗaya, ga Bishof Bell da limamin cocin sun durƙusa. A ɗaya gefen kuma ga sojan ƙasa da na ruwa da na sama, su ma a durƙushe cikin kakinsu, tuddan South Downs suna bayansu. Waɗannan sojoji uku 'yan yankin ne, ba ƙirƙiro fuskokinsu aka yi ba. Shi sojan ƙasan an kashe shi a fagen daga kusa da garin Caen na Faransa a 1944.

Vanessa Bell ta yi zane biyu a bangayen zauren. Na farko yana nuna Mala'ika Jibra'ilu yana yi wa Maryamu albishir, kuma 'yarta Angelica ce ta zauna aka zana a matsayin Maryamu, lambun da ake hange ta taga kuwa an ɗauko shi ne daga na Charleston. Na biyu yana nuna haihuwar Yesu a cikin ɗakin dabbobi irin na Sussex. Makiyayan da ke ciki makiyayan yankin ne riƙe da sandunansu masu ƙugiya, yaran da ke kallo 'ya'yan ma'aikatan yankin ne, a ƙasa ga kwandon katako irin wanda aka san Sussex da shi cike da kayan lambu, ta ƙofa kuma ana hango tudun Caburn da ke kusa da Lewes. Yana da kyau a tuna halin da mai zanen take ciki: an kashe babban ɗanta Julian a 1937 yana tuƙin motar ɗaukar marasa lafiya a yaƙin basasar Sifen, ƙanwarta Virginia kuma ta rasu a kogin Ouse a watan Maris na 1941.

Quentin Bell ya zana misalin budurwai masu hikima da marasa hikima a bayan bakan, da kuma wasu ƙananan alluna masu nuna ibadun coci kamar baftisma da ɗaurin aure. Bishof Bell ya keɓe zane-zanen a watan Oktoba na 1943. A 1944 aka ƙara wasu: Grant ya zana gicciye a bangon yamma, ya kuma zana lokutan shekara huɗu da ayyukan gona na kowane lokaci a jikin shingen katakon da ke gaban bagadi, shi kuma Quentin ya zana cin abincin Imuwasu. A wannan shekarar ce kuma bam ya faɗi kusa da cocin ya farfasa tagogi, aka maye gurbin da yawansu da farin gilashi. Sakamakon haka haske ya wadata a ciki, kuma mai ibada yana iya ganin tuddai a zane a bango, ya waiwaya ya gan su a zahiri ta taga.

3.5 Auna Darajar Cocin

Masanin tarihin fasaha ɗan ƙasar Ostiriya, Alois Riegl, ya nuna tun a 1903 cewa darajar abin tarihi ba iri ɗaya ba ce: akwai ta tsufa, akwai ta shaidar tarihi, akwai ta fasaha, akwai kuma ta amfani, kuma sukan ci karo da juna. Da wannan ma'auni za a duba cocin Berwick.

Ta fuskar tsufa, cocin yana da daraja, amma bai fi takwarorinsa ba. Ingila tana da dubban coci na ƙauye waɗanda suka kai shi shekaru, wasu ma ba a taɓa su kamar yadda aka taɓa shi a 1856 ba. Da tsufa kaɗai ake dubawa, da Berwick ɗaya ne daga cikin dubu.

Ta fuskar fasaha, ra'ayin masana ya rabu. Akwai masu ganin cewa a shekarun 1940 Grant da Vanessa sun riga sun bar zafin sabon salon da aka san su da shi a ƙuruciya, zanen Berwick kuma ya fi karkata ga kwaikwayon magabatan Italiya. Duk da haka ba a musun cewa yawancin adon gidaje da ɗakunan da su biyun suka yi a Landan ya salwanta, wani ta hanyar bam wani ta hanyar rushe-rushe. Saboda haka Berwick da Charleston suna cikin 'yan wuraren da suka rage inda ake ganin aikinsu a mazauninsa.

Ta fuskar shaidar tarihi kuwa, a nan ne wannan nazari yake ganin darajar cocin ta fi ƙarfi. Zanen ya adana fuskokin talakawan ƙauye, da suturarsu, da kayan aikinsu, da irin noman da ake yi kafin injuna su mamaye gonaki bayan yaƙi. Ya adana fargabar al'ummar da ke bakin gaɓar da ake tsoron abokan gaba za su sauka. Ya kuma ajiye Bishof Bell yana fuskantar sojoji uku a bango ɗaya, alhali shi ne wanda ya miƙe a Majalisar Dattawan Birtaniya a watan Fabrairu na 1944 ya soki ruwan bama-baman da ƙasarsa ke yi a kan biranen Jamus. Ba kowace takardar tarihi ce take iya tara waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba.

Ta fuskar amfani, cocin bai zama gidan kallo ba, har yanzu wurin ibada ne, kuma zanen yana yin aikin da aka yi shi dominsa. Muhimmancin wannan zai fito idan aka kwatanta da zanen da Grant ya yi a wani ɗaki na babban cocin Lincoln a ƙarshen shekarun 1950, wanda aka rufe aka mayar da shi ɗakin ajiya na tsawon shekaru kafin a sake buɗe shi.

Hukuma ta sanya cocin Berwick a mataki na ɗaya na jerin gine-ginen da doka ta kare a Ingila, matakin da bai wuce kashi 2.5 cikin 100 na gine-ginen jerin suke samu ba. Wannan ya dace da ƙa'idar Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta nemi a mutunta gudummawar kowane zamani a jikin gini, maimakon a kankare na baya domin neman wani asali guda.

3.6 Matsalolin Adanawa

Daraja ba ta hana lalacewa. A 1962, shekara ɗaya bayan rasuwar Vanessa, wani ya lalata zanen manyan mala'iku uku da ta yi a jikin mumbari. Grant ya sake zana wurin, amma da furanni da 'ya'yan itatuwa. Wannan ya nuna haɗarin da ke tattare da barin coci a buɗe ba mai gadi, alhali kuma rufe shi zai kashe amfaninsa.

Matsala ta biyu ta taso ne daga kayan aikin. Allon filasta ba a yi shi domin ya yi ƙarni ba. Tsohon bango yana riƙe danshi, zafi da sanyi suna sauyawa, sai fenti ya riƙa tashi yana ɓarewa. Abin mamaki shi ne zanen Hardham ya haura shekara 900 a jikin bangonsa, na Berwick kuwa bai kai 80 ba ya buƙaci ceto. A wajajen 2020 an gudanar da babban aikin gyara da tallafin asusun cacar ƙasa mai kula da kayan tarihi, inda ƙwararru suka manne fentin da ya tashi, suka wanke dattin shekaru, aka kuma sauya hanyar ɗumama ginin domin yanayin ciki ya daidaita.

Matsala ta uku ita ce ta ɗaukar nauyi. Bayan rasuwar Grant a 1978 an kafa gidauniya a 1980 domin ceto Charleston, aka buɗe gidan ga jama'a a 1986. Tun daga lokacin baƙi suka riƙa biyowa ta Berwick. Zuwansu yana kawo gudummawa, amma nauyin kula da ginin yau da gobe yana wuyan ƙaramar ikilisiya ce. Wato dukiyar ta ƙasa ce baki ɗaya, ɗawainiyar kuwa ta 'yan ƙauye ce.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa cocin Berwick gini ne da kowane zamani ya bar sawunsa a jikinsa, tun daga ƙarni na 12 zuwa gyaran 1856 har zuwa zanen shekarun yaƙi. An ga cewa zanen da aka kai ƙara kotu a kansa a 1941 bisa zargin zai ɓata tsohon gini, shi ne a yau babban dalilin da ya sa ake ziyartar ginin, ake kuma kashe kuɗi wajen adana shi. Amsar tambayar da aka yi a farko ke nan: sabon zanen ya ƙara wa cocin daraja, kuma ƙarin ya fi fitowa ne ta fuskar shaidar tarihi, domin masu zanen sun ɗauki mutanen wurin da ƙasarsu da halin da suke ciki suka sa a bango. Sai dai wannan bai zama hujjar cewa duk wani sabon ado ya dace da tsohon gini ba. Aikin Berwick ya bi ta hannun ikilisiya da kotu, bai rushe abin da ya tarar ba, kuma ya yi magana da harshen wurin. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne za a yi amfani da su a babi na gaba wajen duba sauran coci da aka yi wa irin wannan ado a dayosis ɗin Chichester.